Rugbi na mata: 'yan bakwai ko 'yan sha biyar?

A rugbin 'yan 15, wato mai 'yan wasa 15 a kowane ɓangare, wasa minti 80 ne na ture da kokawa, kuma jiki na buƙatar hutun kwanaki bayansa. Shi ya sa Kofin Duniya na mata na 2025 a Ingila ya ci makonni biyar.

'Yan bakwai kuwa minti 14 kacal suke yi, a fili mai girma ɗaya da na 'yan 15. Fili ya yi yawa, mutane kaɗan, sai gudu. Kuskure ɗaya, an wuce ki. Cikin kwana biyu ko uku an raba lambobin yabo, kamar a Wasannin Asiya na 2010 a Guangzhou, inda matan Kazakistan suka ɗauki zinariya.

Ni dai ga taron wasannin yanki, 'yan bakwai na zaɓa. Ƙasa mai ƙaramin ƙarfi ma tana iya haɗa 'yan mata 12, wato bakwai a fili da masu canjinsu.