Bindigar iska don 'yan ɓarnar gona: wacce za ka saya, wacce za ka bari a kanti

Guba tana kashe ɓera, amma tana haɗawa da kajin da suka tsinci ƙwayar, da kyanwar da ta ci gawar, da mujiyar da ke taya ka gadin dare kyauta. Tarko kuwa ya kama biyu ko uku, sauran sun gane shi, sai su riƙa kewaye shi. Shi ya sa manoma da masu kiwo ke komawa ga bindigar iska: babu albarushi, ƙararta ba ta tayar da garke, harsashinta ɗan guntun darma ne. Aikinta ƙananan 'yan ɓarna ne, ɓera da gafiya da kurege da zomo da tantabara da hankaka, a tazarar mita 15 zuwa 35. Wanda aladen daji ko biri ke damunsa ya nemi wata hanya, domin rauni kawai wannan za ta ji musu.

Kafin ka taɓa aljihu, san dokar inda kake. A Ingila ba a riƙe wadda ƙarfinta ya wuce jul 16 da 'yan kai (jul shi ne ma'aunin ƙarfin harbi) sai da lasisin bindiga, a Jamus iyakar jul 7.5 ce, wasu ƙasashen kuma kowace iri sai da izini. Akwai tsuntsayen da doka ta hana taɓawa ko da a gonarka suka sauka.

Iri huɗu za ka tarar. Mai ɗan gwangwanin CO2 na giram 12 ta wasan harbin gwangwani ce: sanyi ya sauko ƙarfinta ya faɗi, kuma kullum kana sayen gas. Mai fistin na gas ba ta da laifi har ranar da gas ɗin ya tsiyaye, daga nan ta zama sanda sai an sauya fistin ɗin gaba ɗaya. Sai PCP, wadda ake cika wa iska a silinda har matsin ya kai wajen bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska). Gaskiya ba ta da na biyu wajen saiti, ba ta girgiza, kuma tana harbi a jere. Amma ba ita kaɗai kake saye ba. Akwai famfon hannu da zai jiƙa ka da gumi, ko tankin iska, ko injin cikawa, ga 'yan robobi a ciki da kowanne zai iya fara yoyo. Ɓeraye sun fito bayan faɗuwar rana, ka ɗauko ta ka ga allurar matsi a ƙasa, to aikin daren ya tashi.

Ni dai mai sifirin nake so, wadda ake karya bututunta a ɗana. Ka kama bakin bututun ka ja shi ƙasa har ka ji ƙas, ka sa harsashi ɗaya, ka mayar. Duk iskar da take bukata a wannan jan ta samu. Ba famfo, ba gas, ba allura. Ta yi watanni a rataye, ranar da ka ɗauko ta yadda ka bar ta haka take, in dai ba a ɗane ka ajiye ta ba, domin barin ta a ɗane yana gajiyar da sifirin. In ta lalace ma abu biyu ne galibi, sifirin ko robar fistin, kuma duk ana sauya su. A cikin masu sifirin, Weihrauch HW95 ta Jamus ce nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni. Nauyinta kilo uku da wani abu, za ka zaga gona da ita kafaɗa ba ta yi tsami ba. Kunamarta, wadda suke kira Rekord, mataki biyu gare ta: ka ja a hankali ta zo ta tsaya, ka san nan ne bakin gaɓa, ka ƙara ɗan matsi ta tashi. Wanda ya saba da kunama mai tauri, irin wadda sai ka yi kokawa da ita har saitin ya goce, shi zai san darajar wannan. Diana 34 ma ba a raina ta.

Mai sifirin tana da hali guda da sai ka koya. Fistin yana tafiya kafin harsashi ya bar bututu, don haka bindigar takan motsa baya, ta motsa gaba. In ka damƙe ta da ƙarfi, ko ka ɗora ta a kan katanga ko gungume, harsashi ya warwatse. Ɗora gabanta a tafin hannu a buɗe, ka jingina gindinta a kafaɗa sama-sama, kuma kowane harbi riƙo iri ɗaya. Kada ka nufi mai rai sai ka iya zuba harsashi biyar a faɗin murfin kwalba daga mita 25, domin wurin da ake samun ɓera ko zomo ya faɗi nan take, wato kai, bai fi haka ba. Kuma ka dubi abin da ke bayansa: darma takan yi tsalle in ta bugi siminti ko dutse.

Batun faɗin harsashi, .177 (milimita 4.5) yana tafiya a miƙe, amma yakan ratsa tantabara ya wuce ya huda kwanon rufi. Na fi son .22 (milimita 5.5): nauyinsa wajen giram 1, yana sauke ƙarfinsa a jikin abin da ya samu. Yana lanƙwasowa ƙasa da wuri, sai ka san tazararka. Shi .25 a bindigar sifirin ɓata kuɗi ne.

Yanzu ga inda ake cin mutane. Na farko lambar da ke jikin kwali. Za ka ga an rubuta ƙafa 1,200 ko 1,400 a daƙiƙa da manyan haruffa. Da wani harsashi marar nauyi, wanda ba darma ba, ake auna wannan gudun. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wajen ƙafa 1,125, kuma harsashin bindigar iska in ya kusanci nan sai ya fara tangaɗi, in ya wuce ya yi ƙara irin ta bulala, duk tsuntsun da ke gonar ya tashi. Irin waɗannan bindigogi ga wuyar ɗanawa, ga duka a kafaɗa. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Harsashi mai giram 1 da ke tafiyar mita 180 a daƙiƙa yana ɗauke da jul 16, kuma ya ishi zomo a mita 30 in an same shi a ka.

Na biyu dabarar mai. Wani mai sayarwa ya taɓa gwada mini wata, ta yi ƙara kamar ta albarushi, yana murmushi yana cewa in ji ƙarfi. Da ya karya ta sai ga siririn hayaƙi yana fitowa daga bututun, ga ƙaurin ƙonannen mai. Ɗigon mai ya sa a ramin iska, matsin fistin ya kunna shi, yadda injin dizal ke yi. Wannan yana ƙona roba, yana karya sifirin. Sabuwar bindiga takan yi ɗan hayaƙi a harbin farko-farko saboda man masana'anta, amma fashewa da ƙauri a tsohuwa alamar hannu ce. Haka wanda zai ɗana ta ya harba ba harsashi don ka ji sauti: fistin ne yake dukan ƙarfe babu iskar da za ta tare shi, a gabanka yake lalata ta.

Madubin saiti ma sai an yi hattara. Girgizar gaba da baya ta sifirin tana kwance madubin da ba don ita aka yi shi ba, ko da na babbar bindiga ne. Na kyauta da ake cusawa a kwali yawanci bai daɗewa, yau ka daidaita gobe ya goce. Jabu kuma sun cika kasuwa, da tambarin manyan kamfanoni a jiki. Kaɗa shi kusa da kunne, in wani abu yana motsi a ciki, ajiye. Juya maɓallin saitin, kowane taki ya kamata ka ji shi sarai.

Harsashi ma ana yin jabunsa. Na kirki, irin na JSB ko H&N, in ka buɗe gwangwani za ka ga duk girmansu ɗaya, gindinsu a zagaye sumul. Na banza za ka ga gindi a lotse, ga tabon gwami a tsakiya, ga garin darma a ƙasan gwangwanin. Sayi mai zagayayyen kai, masu tsini kyan gani kawai gare su.

In ta hannu za ka saya, karya ta ka girgiza bututun hagu da dama, kada ya yi wasa. Duba robar da ke gindin bututun ko ta tsage, ka leƙa cikinsa a haske ko akwai tsatsa, ka dubi kan kusoshi: in sun cinye, an sha kwance ta. Wanda kuma ya nace sai PCP ta hannu, ya duba shekarar da aka buga a jikin silinda, ya ƙi mai lotsa ko tsatsa, kuma kada ya yarda kowa ya cika masa ita da iskar oksijin ta masu walda, domin in ta haɗu da maiƙon da ke ciki fashewa take yi.