Shagon tura waƙoƙin Koriya a Ƙofar Ƙaura: abin da ya iya da abin da ya rage masa

A layin masu gyaran waya da ke yankin Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, akwai wani ƙaramin shago na masu tura fina-finai da waƙoƙi a waya, wanda a ido bai bambanta da maƙwabtansa ba: teburi ne da kwamfuta, da benci a bakin ƙofa, da tarin wayoyin caji da suka sarƙe da juna. Abin da ya ware shi daga sauran shi ne, mai shagon ya mayar da hankalinsa kacokan kan waƙoƙin ƙungiyoyin samari mawaƙa na Koriya ta Kudu, wani ɓangare na salon waƙar da duniya ta sani da K-pop, har ta kai duk wanda ya tambayi masu sayar da katin waya a layin inda ake tura waƙoƙin Koriya, nan za su nuna masa. Ni malamar makarantar sakandare ce, kuma tun da na lura hotunan waɗannan samari sun cika bangon littattafan ɗalibaina mata, na ɗauki alhakin sanin abin da suke saurare. 'Yar yayata ce ta fara kai ni shagon, daga baya na ci gaba da zuwa da kaina. A ganina shagon ya cancanci a je, kuma babban dalilina shi ne mai shi ya san abin da yake sayarwa, abin da ba kasafai ake samu a wannan sana'a ba.

Wanda ya saba da masu turi ya san yadda akasari suke aiki: mutum ya miƙa waya ko memori, a zuba masa duk abin da ke tashe a makon, ya koma gida ya tarar da waƙoƙi babu suna, wasu sun maimaitu, wasu hotonsu dishi-dishi. A wannan shago abin ba haka yake ba. Idan ya juyo da fuskar kwamfutar, za a ga kowace ƙungiya da foldarta, a cikin kowace folda kuma an jera waƙoƙin shekara bayan shekara, an ware bidiyon waƙa daban, wasan dandali daban, hirarraki daban. Jerin ya faro ne daga Seo Taiji and Boys, samari ukun da suka fito a 1992 suka cuɗa salon waƙar baƙaƙen fatar Amurka da harshen Koriya, sai H.O.T., ƙungiyar mutum biyar da kamfanin SM Entertainment ya fitar a 1996, wadda da ita aka kafa tsarin da ake bi har yau, wato kamfani ya zaɓo yara, ya horar da su waƙa da rawa, sannan ya haɗa su ƙungiya. Daga nan sai Big Bang ta 2006, da EXO ta 2012, da Seventeen mai mutum goma sha uku da ta fito a 2015, da Stray Kids ta 2018. Na daɗe a kan wannan jeri saboda ya nuna mini cewa abin da na ɗauka yayi ne na jiya-jiya masana'anta ce da ta haura shekara talatin, kuma matashin da ya bi foldodin nan a jere zai fahimci yadda ta ginu ba tare da an zaunar da shi an yi masa lacca ba.

Foldar da ta fi kowace girma ta BTS ce, kuma ita aka fi nema. Samari bakwai ne da suka fara a watan Yunin 2013 a ƙarƙashin Big Hit Entertainment, kamfanin da a lokacin ba ya cikin manya, wanda yanzu ya zama HYBE. Abin da ya burge ni shi ne mai shagon bai tsaya kan waƙoƙinsu kaɗai ba, ya tara bidiyon da ke nuna inda shahararsu ta kai. Akwai jawabin da jagoransu RM ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Satumban 2018 a wani taron UNICEF kan matasa. Akwai wasansu a filin Wembley na Landan a 2019, da wanda suka yi a filin wasa na Sarki Fahd da ke Riyadh a watan Oktoban shekarar, inda dubban matasan Larabawa suka riƙa rera baitocin da harshen da ba nasu ba. Akwai waƙarsu Dynamite ta 2020, wadda da ita suka zama ƙungiyar Koriya ta Kudu ta farko da ta hau saman Billboard Hot 100, jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Mai shagon ya ce bidiyon da samari maza suka fi nema shi ne na bikin buɗe gasar cin kofin duniya a Qatar a watan Nuwamban 2022, inda autan ƙungiyar, Jungkook, ya yi waƙa tare da mawaƙin Qatar Fahad Al Kubaisi, domin da yawansu a wannan daren suka fara ganin mawaƙin Koriya, suna zaune a gidan kallon ƙwallo. Mu da muka tashi muna rera waƙoƙin fina-finan Indiya ba tare da mun ji kalma ɗaya ba, bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, sai dai saurin yaɗuwar na yanzu ya wuce na wancan zamani nesa ba kusa ba, domin wancan sai an je sinima ko an sayi kaset, wannan kuwa yana cikin aljihun kowane yaro.

Wani abu da na gani da idona ya ƙara mini yarda da shagon. Wani dattijo ya zo da 'yarsa da ba ta wuce aji uku na ƙaramar sakandare ba, fuskarsa a murtuke, ya miƙa wayar ya ce a nuna masa abin da take kallo. Mai shagon ya miƙe ya ba shi kujerarsa, ya ce, "Baba, zauna ka gani da kanka, abin da bai kwanta maka ba sai mu cire." Ya buɗe bidiyon ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa masa wannan waƙa kan wahalar karatu da matsin jarrabawa take magana, wannan ta soyayya ce, wannan kuma akwai shiga da rawar da shi kansa ba zai tura wa yarinya mai shekarunta ba. Bai ɓoye cewa samarin suna kwalliyar fuska da rina gashi da sanya 'yan kunne ba, abin da ya saɓa wa tarbiyyarmu da addininmu, kuma bai yi ƙoƙarin wanke su ba. Dattijon ya zaɓi abin da ya amince da shi, aka goge sauran a gabansa. Wannan ita ce hidimar da iyaye suke bukata, kuma ban ga an karɓi ko sisi a kanta ba.

Babban abin da shagon ya gaza a kai shi ne fassara. Yawancin bidiyon suna ɗauke da fassarar Turanci a rubuce a ƙasa, wasu ma babu ko ita, alhali mafi yawan masu zuwa Hausa suka fi ji. Sakamakon haka yaro yana haddace baiti, yana kwaikwayon rawa, amma ma'anar tana hannun mai shago, ranar da ba ya nan kuma yaronsa ba ya iya bayanin komai. A ƙasar da ake fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa ana sayarwa a kowane lungu, rubuta taƙaitaccen bayanin kowace waƙa da Hausa a ajiye a cikin foldarta ba zai gagara ba, kuma shi ne zai raba wannan shago da masu zuba kaya kawai.

Na biyu, shagon fuskar da ke ƙyalli kaɗai yake nunawa. Yaran da ke sha'awar waɗannan samari ya kamata su san cewa ana ɗaukar yawancinsu tun suna 'yan makaranta, su shafe shekaru suna atisaye dare da rana, kuma da dama ana sallamarsu ba su taɓa hawa dandali ba. A 2009 mutum uku daga ƙungiyar TVXQ suka kai kamfaninsu kotu kan yarjejeniyar shekara goma sha uku, kuma a shekarar ce hukumar kula da adalcin kasuwanci ta ƙasar ta fitar da tsarin yarjejeniya da ya ƙayyade shekara bakwai. A watan Disamban 2017 Jonghyun na ƙungiyar SHINee ya rasu yana da shekara 27, bayan fama da ciwon damuwa. Ko su BTS, duk da shahararsu, sai da suka dakatar da aikin ƙungiya suka yi hidimar soja da dokar ƙasarsu ta wajabta wa maza, Jin ya fara shiga a watan Disamban 2022, sauran suka bi baya, har suka kammala a watan Yunin 2025. Ina so in ga folda guda da ta tara irin waɗannan rahotanni, domin ɗalibar da ta san kuɗin da aka biya kafin a kai ga wannan ƙyalli za ta kalli abin da idon basira.

Kayan da yake sayarwa a gefe, wato fastoci da ƙananan katunan hotunan mawaƙan da rigunan waya, ban ba da shawarar a saya ba. Na ɗauki katin guda na duba: takardar ba ta da kauri, launin fuskar ya yi ja fiye da kima, gefen kuma da almakashi aka yanke shi. A Koriya irin waɗannan katuna a cikin kundin waƙoƙi na asali suke zuwa, su ne ma ke sa masoya sayen kundi ɗaya sau da yawa. Na wannan shago bugun gida ne, kuma da na tambaya mai shagon bai musa ba. Haka nan dole a faɗi gaskiya cewa sana'ar turi gaba ɗayanta ba ta mayar wa masu waƙa komai, matsalar da mawaƙanmu na Hausa suka daɗe suna kuka da ita. Wanda yake da halin sayen data zai fi kyauta wa masu aikin idan ya kalla a shafukansu na YouTube, shagon kuma ya fi amfani ga wanda tsadar data ta hana.

Kuɗin turinsa ya ɗan ɗara na maƙwabtansa, amma hoton garau yake, sautin ma haka, kuma yakan duba memori ya tabbatar babu abin da zai lalata waya kafin ya zuba komai. Yana da sola, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta tsayar da aiki, yana kuma rufewa a lokutan salla. Wurin zama ya yi kaɗan, benci ɗaya ne maza da mata, abin da ke sa 'yan mata tsayuwa a rana idan an tashi daga makaranta, kuma ya kamata a gyara wannan. Mai son a yi masa bayani a tsanake ya je da hantsi a ranakun aiki, lokacin da mai shagon yake nan da kansa, ya kuma tafi da memori mai isasshen wuri, domin bidiyon wasan dandali guda ɗaya yakan cinye abin da waƙoƙi masu yawa za su ci.