Damfa ko gyaran wuyan babur

Tsohon babur in kansa ya fara rawa a kan gudu wasu cewa suke a sa masa damfa kawai, ɗan silindan nan mai mai a ciki da ake ɗaurewa tsakanin firem da fok, wato ƙarafan da ke riƙe da tayar gaba. Tana danne girgizar kam, amma kan zai yi nauyi a lungu, ga walda tunda tsohon firem ba mazauninta, in ta karkace ma kan ba zai juya har ƙarshe ba. Ni dai gara bakanike ya fara duba boris ɗin wuya, galibi shi ne ya ci ko ya saki, sai iskar taya da bush na baya, wato zoben da ke mahaɗar firem da ƙarfen da ke riƙe da tayar baya. Kuɗin ma bai kai na damfa ba. Damfa sai mai tsere.