Sihiri ko Asiri: Wanne Ake Yabo da Shi?

Duka biyun daga Larabci muka aro su, amma ba aiki ɗaya suke yi ba. Asiri tushensa "sirr", wato abin ɓoye. Shi ya sa muke roƙon rufin asiri, kuma in an ce an yi wa mutum asiri, sammu ake nufi, irin layar da ake binnewa a ƙofar gida.

Sihiri kuwa, daga "sihr", ya fi faɗi. Shi ne na Haruta da Maruta a Suratul Baƙara, aya ta 102. Amma Buhari ya ruwaito cewa mutum biyu sun zo daga gabas suka yi jawabi, jama'a suka yi mamaki, Annabi (SAW) ya ce lalle a cikin bayani akwai sihiri.

Don haka in murya ta sace mini zuciya, sihiri zan ce. Asiri zargi ne, yana iya raba zumunci.