Salansar Hilux mai shiga daji: 'yar Beljiyam na ɗaura, ga yadda na same ta

Sana'ata sayen citta ce. Da kaka ina bin ƙauyukan da ke kewayen Kachia da Kwoi ina auno busasshiya, da damina kuma in kai wa manoman da muke hulɗa da su taki. Motar da ke shan wannan wahala Hilux ce ƙirar 2012, mai ƙofa huɗu, injin fetur 2TR mai lita 2.7. Bana salansarta ta gama aiki. Tukunyar ta ruɓe daga ƙasa, bututun kuma ya tsage daidai inda yake haura ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya. An yi walda an sake, har mai waldar ya ce babu sauran ƙarfen da wuta za ta kama.

Da na shiga kasuwa, abin da aka fara miƙo mini shi ne sabuwar salansa mai ƙyalli, bututunta inci 3, wai irin ta masu tseren sahara. Mai shagon ya ce mota za ta ƙara ƙarfi, za ta riƙa gurnani. Ban saya ba, kuma ba na ba mai irin injina shawarar ya saya. Faffaɗan bututu na amfanar injin dizal mai tarbo (na'urar da ke ƙara cusa wa inji iska), wanda ke son hayaƙi ya fice ba tare da wani cikas ba. Injin fetur marar tarbo yana son hayaƙin ya fita da gudu, domin gudun ne ke taimakawa wajen janyo na bayansa daga cikin silinda. In bututu ya yi faɗi da yawa gudun ya ragu, abin da za ka rasa shi ne ƙarfin ja lokacin da inji ke tafiya a hankali. Ni kuwa da wannan ƙarfin nake cin abinci: giya ta ɗaya ko ta biyu, buhuna a baya, hawa a gaba, taɓo a ƙasa. Ƙarar ma ba abin so ba ce ga wanda zai wuni a bayan sitiyari, kuma ina son in riƙa jin duk wani baƙon sauti daga ƙarƙashin mota tun bai zama matsala ba.

Wani abu game da masu ƙyallin nan: ba duk abin da aka ce sitenles ne yake zama iri ɗaya ba. Akwai mai lamba 304, wanda ke da kiromiyam wajen kashi 18 cikin ɗari da nikel wajen kashi 8, shi ne mai jure tsatsa sosai, kuma maganaɗisu ba ya kama shi da kyau. Akwai 409, wanda kamfanonin mota da yawa ke aiki da shi, yana yin ja-ja a sama amma yana daɗewa bai huje ba, maganaɗisu na kama shi. Sai kuma baƙin ƙarfe da aka shafa wa alminiyam, wanda da zarar dutse ya kankare shafen sai tsatsa ta samu ƙofa. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. Wadda aka nuna mini aka rantse 304 ce, yana taɓa ta ya manne tsam. Sannan ko ta gaske ce, ka tuna cewa waldarta ta kirki sai mai injin walda na iskar agon, wanda ba ka samunsa a kasuwar ƙauye. In ta tsage maka a hanyar gona, mai waldar da ke kusa zai liƙa maka da abin da yake da shi, nan ne kuma za ta fara tsatsa.

Sabuwa dal ta Toyota ita ce ta fi, babu gardama, sai dai kuɗin da aka faɗa mini ya fi ƙarfin cinikin bana. Wadda masu walda ke haɗawa a gida kuwa, arha gare ta, amma yawanci injin lanƙwasarsu yana matse bututu a kan kwana, hanyar hayaƙi ta ƙuntata, tukunyar kuma siririn falle ne.

Saboda haka na tsaya a kan 'yar Beljiyam, wato ta asali da aka ciro daga wata Hilux. Na same ta a Panteka a nan Kaduna, na kuma tafi da wani dattijo mai gyaran salansa da na daɗe da sani. Yadda ya duba ta ya ishi mai saye darasi. Ya ɗaga tukunyar ya girgiza a kusa da kunnensa, don in farantan ciki sun saki za ka ji suna kaɗawa. Ya bi ƙasanta da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa, inda ƙarfe ya sirance sautinsa daban ne. Sannan ya haska tocila cikin matatar hayaƙi, wadda makanikai ke ce wa indomi. Ta farkon da muka duba fanko ce, an riga an fasa an kwashe cikinta, saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, filatinam da faladiyam da rodiyam, kasuwarsu daban take. A ta biyun muka ga ƙananan ramukan nan a jere kamar saƙar zuma, babu inda ya narke ko ya toshe. Ya ce, "Alhaji, wannan ita ce taka." Na ce, "Baba, ai tana da tsatsa." Ya kankare da farce ya nuna mini farin ƙarfe a ƙasa.

Abin da ya sa na gamsu da ita shi ne zamanta. Ta hau ba a yanka komai ba, ba a dumama komai ba. Kowane ƙugiya ya faɗa kan ramin robarsa, mazaunin sensa mai auna hayaƙi yana inda wayar ke isa ba tare da an ja ta ba. Bututun ya bi ta saman layin shasi, ya haura ƙarfen tayoyin baya da isasshiyar rata, bai kusanci safaya ko tiyon birki ba. A motar gari wannan ƙaramin abu ne. A hanyar da motocin itace suka haƙe gefe biyu suka bar tudu a tsakiya, duk abin da ya leƙo ƙasa da shasi sai ya daki ƙasa. Kuma idan taya ɗaya ta faɗa rami ɗaya ta hau dutse, shasin na murɗewa, inji na girgiza a kan mazauninsa, dole salansa ta sami inda za ta ɗan motsa. Toyota sun yi wa mahaɗar gaba ƙusoshi biyu masu sifirin da gasket mai zobe don wannan. Mutane da yawa in sifirin ya ɓace sai su sa a ɗaure da noti kawai, ko a liƙe wajen da walda gaba ɗaya. Daga nan girgizar ba ta da wajen zuwa sai manifol, wato ƙarfen da ke tattaro hayaƙi daga jikin inji, shi kuwa in ya tsage kuɗin ya ninka. Baba ya ƙi yi mini walda a ko'ina. Ya bar ta gaɓa-gaɓa da noti, ta yadda in wutsiyar ta lalace ita kaɗai za a sauya.

Tana da nata aibin. Ba ta zo da sifirin ko gasket ba, robobin da ke jikinta kuma duk sun bushe sun tsattsage, sai da na sayi sababbi daban, kuma ina ganin kuskure ne babba mutum ya ɗaura ta da tsofaffin. Babu garanti: in ka fita da ita daga kasuwa ta zama taka. Nema ma akwai wahala, domin ta dizal da ta fetur sun yi kama a ido amma ba sa hawa juna, ta mai ƙofa biyu ma ba lallai ta dace da mai ƙofa huɗu ba. Ka je da motarka, ko ka cire tsohuwar ka tafi da ita a gwada gefe da gefe. Wutsiyar kuma, ko ta asali ce, tana iya taɓa ƙasa in kana fitowa daga kwari mai gangara da kaya a baya. Baba ya ɗan ɗaga tawa sama, amma bai yarda ya gajarce ta ba, ni ma ban nema ba. Na ga masu yanke bututu tun kafin tayoyin baya don gudun dukan dutse. Hayaƙin yana taruwa ne a ƙarƙashin mota ya shigo ɗaki, cikinsa kuwa akwai iskar kabon monokzayid, ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kisa. Ina ɗaukar leburori a baya, wani lokaci yarana a ciki, gilashi a rufe saboda ƙura.

Ta yi damina guda a jikin motar, yanzu muna cikin kaka. Ja a ƙaramar giya ya dawo yadda na san shi, warin ɗanyen fetur da nake ji in na tsaya ya ɓace, fitilar inji ba ta kunna ba. Na ratsa rafuka da ita ruwa ya rufe bakin bututun, ba abin da ya faru, domin matuƙar inji na aiki hayaƙi na tura ruwan waje. Haɗarin yana ga wanda ya kashe mota a tsakiyar ruwa. Duk ranar da na dawo daga taɓo ina sa a wanke ƙasan motar da ruwa mai ƙarfi, don taɓon da ya daskare a jikin tukunya yana riƙe danshi, shi ne ya cinye tsohuwar.

Yanzu da ciyawa ta bushe, abin da nake kiyayewa shi ne wuta. Indomi mai aiki yana ɗaukar zafin da zai iya kunna busasshiyar ciyawa, don haka ba na ajiye motar a kan yayi ko kusa da inda aka shanya citta, kuma duk yamma sai na leƙa na zare ciyawar da ta maƙale tsakanin bututun da farantin kare zafi. Wani abokina ya ce in sa a yi mini faranti mai kauri a ƙasa don kare ta daga duwatsu. Zan sa, amma sai mai ramuka a jiki wanda ake kwancewa da noti, saboda rufaffe yana tara ciyawa a daidai wurin da ya fi ko'ina zafi.