Zanzibar ta hannun ejan: abin da ya yi daɗi da abin da ya ɓata min rai

Tun da muka dawo mutane ke ta tambayata, 'yan ofis da abokan majalisarmu ta Tumfure, wai yaya tafiyar kuma shin ejan ɗin da ya shirya mana ita ya ci kuɗinsa da halal. To gaskiya amsar rabi da rabi ce, shi ya sa na ga gara in zauna in faɗe ta dalla-dalla ko wani zai amfana kafin ya zuba kuɗinsa.

Shekara 10 da aurenmu ni da uwargida ba mu taɓa fita mu biyu ba, iyakarmu Yankari da yara, mu yi wanka a Wikki mu dawo Gombe. Sai na ce wannan karon teku za mu gani. Abu biyu kawai na faɗa wa ejan, na ce ina son wurin da za mu shiga ruwa duk lokacin da muka ga dama, sannan ina son in buga golf ko sau biyu ne, don tun zaman da na yi a Jos na koya a filin golf na Rayfield abin ya shiga raina. Ya ce "Alhaji ka kwantar da hankalinka, Zanzibar ce maganinka, ga ruwa ga golf ga musulmi, abinci duk halal." A nan kam bai yi ƙarya ba ko kaɗan.

Wajen takardu ya yi ƙoƙari, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Zanzibar tsibiri ne a ƙasar Tanzaniya, kuma mu masu fasfon Najeriya ba a buga mana bizar Tanzaniya a filin jirgi kamar yadda ake wa wasu ƙasashe, sai ka cike ta intanet ka jira a tantance ka tukuna, kuma abin yana ɗaukar makonni. Shi ya hana ni yankan tikiti sai da biza ta fito, ya kuma tuna mana katin rigakafin shawara, sannan ya biya mana inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta sa wa baƙi tun Oktoban 2024, dala 44 kowane mutum. Na ga wasu a filin jirgin Abeid Amani Karume suna ta fama da waya suna neman biyan ta a tsaye ga gajiya ga layi, mu kuwa takarda kawai muka miƙa muka wuce. Daga Gombe muka je Abuja, daga can jirgin Ethiopian ya bi da mu Adis Ababa sannan Zanzibar. A watan Janairu ne, mun baro hazo da sanyin hunturu leɓe duk ya tsage, muna sauka wani zafi mai damshi ya rufe mu. Agogonsu yana gaba da namu da awa 2.

Inda matsalar take shi ne otal. Ya kama mana a Paje, gabashin tsibirin, kuma otal ɗin kansa ba laifi, tsaf-tsaf, ma'aikatan akwai fara'a. Amma washegari bayan mun karya muka shirya, uwargida ta sa kayan wankanta masu rufe jiki da ta sha wahala kafin ta samo a Abuja, muna fitowa bakin teku wallahi babu ruwa. Ruwan ya janye ya yi nisa har sai ka ƙanƙance ido kafin ka hango inda yake, sai farin yashi jiƙaƙƙe da 'yan kududdufai, ga mata can sun durƙusa da zannuwansu suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiyoyi tsakanin turaku, ashe noma ce suke yi a wurin. Ta juyo ta kalle ni ta ce "Abban yara, ina tekun da muka biya kuɗi?" Raina ya ɓaci sosai don ita ce ta fi ɗokin abin. Wani ma'aikaci ne ya yi mana bayani cewa haka gabar gabas take, sau biyu a yini ruwan ke tafiya ya dawo kuma lokacin yana matsawa kullum, har allo suke da shi da suke rubuta sa'o'in. Ya ce wanda yake son iyo safe da yamma Nungwi ko Kendwa yake sauka, can arewa, don a can ruwan ba ya gudu haka. Na kira ejan ya ce shi bai san da wannan ba, hotuna ya gani suka burge shi. To mutum yana sayar da wurin da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, kuma bai tambayi waɗanda suka je ba, wannan shi ne abin da ya fi ƙona min rai.

Paje wurin masu wasan lema ne, wannan da iska ke jan mutum yana tsaye kan allo a saman ruwa. Daga Disamba zuwa wajen Fabrairu iskar da suke kira kaskazi ke kaɗawa, daga Yuni zuwa Satumba kuma wadda suke kira kusi, shi ya sa Turawa ke cika wurin, da rana sama duk lemomi kala-kala. Na biya darasi na awa biyu, kuma a sani wannan ba abin da ake koya a yini ɗaya ba ne, duk awa biyun a riƙe lemar da sarrafa igiya suka ƙare, kafaɗuna sun yi tsami har kwana biyu. Mai son ya iya da gaske ya ware kwana uku ko huɗu.

Ranar da ta wanke mana zuciya ita ce ta Mnemba. Ƙaramin tsibiri ne a arewa maso gabas, ba a barin kowa ya sauka a kansa sai baƙin otal ɗin da ke can, a gefensa kwale-kwale ke tsayawa a ba ka tabarau da bututun numfashi ka kwanta a kan ruwa kana kallon ƙasa. Uwargida ba ta iya iyo ba, da farko ta ƙi sakin tsanin jirgin, sai mai jirgin wani dattijo mai furfura a gemu ya ɗaure mata rigar ruwa da kyau ya miƙo mata taya mai igiya yana cewa "pole pole mama", wato a hankali. Ta tsoma fuska sau ɗaya ta ɗago tana salati, ta sake komawa. Kifaye masu ratsin baƙi da rawaya suna wucewa dab da yatsunta, ruwan garai-garai kana ganin inuwarka a kan yashin ƙasa. Kusan awa guda ba ta fito ba. Abin da ban so ba shi ne yadda jirage ke yin tururuwa su bi dabbar dolfin da zarar ta ɓullo, abin ya ba ni tausayi, na ce wa namu ya ƙyale su.

Golf kuma, filin yana Mangapwani ne a yammacin tsibirin arewa da Stone Town, wato tsohon birnin Zanzibar, na otal ɗin Sea Cliff ne, ramuka 9 ne, kana so 18 sai ka zagaya sau biyu. Fili ne mai kyau, ciyawa shar, mu da muka saba buga ƙwallo ta faɗa kan busasshiyar ƙasa ta yi ta gudu sai da na sake lissafin duka na, a nan inda ta sauka kusan nan take tsayawa. Ramin ƙarshe a bakin teku yake, iska na bugo ka daga gefe, na tsaya na daɗe ina kallo kafin in buga. Sanduna haya na karɓa a wurin don haka ba sai ka wahalar da kanka da ɗauko naka ba. Sai dai daga Paje tafiyar ta haura awa guda da rabi, kuɗin tasi zuwa da dawowa ya kusa kamo kuɗin wasan, dole na haƙura da zuwa na biyu. Nan ma da ejan ya buɗe taswira da ya gani.

Stone Town mun yi mata yini ɗaya, lunguna kamar cikin tsohon gari, kiran sallah ta ko'ina, na yi la'asar a wani ƙaramin masallaci ba wanda ya kalle ni a matsayin baƙo. Da dare muka ci urojo, wani romo nasu mai ɗan tsami, a kasuwar abincin dare ta Forodhani, uwargida ta sayo kanumfari da kirfa na tsaraba cike da leda. A cikin gari mace mai hijabi ba ta da wata damuwa, amma bakin ruwan otal-otal shigar Turawa sai kawar da kai, gara mutum ya san da haka tun daga gida.

Maki na: takardu da tikiti 9 cikin 10, zaɓen wuri 4. In Allah ya sa za mu koma zan sake ba shi aikin biza, amma otal ni zan zaɓa da kaina, kwana huɗu a Kendwa saboda ruwa, biyu a kusa da filin golf, kuma ba zan sa tafiyar tsakanin Maris da Mayu ba don lokacin damina mai ƙarfi ce a can.