Kwas ɗin koyar da Auslan da na yi ta intanet daga Kumasi

Salamu alaikum. Tun da na gama kwas ɗin nan 'yan uwana malamai ke ta tambayata wai ya ci kuɗinsa kuwa, to ga abin da na gani. Ina koyarwa a wata firamare nan Aboabo, kuma ƙanena kurma ne, shi ya ja ni ciki. Horo ne ga malamai kan yadda za su koya wa yara masu ji Auslan, maganar hannun kuramen Ostireliya, a matsayin yare na biyu kamar yadda ake Faransanci a makarantunmu. Su can tun 2016 yana cikin manhajarsu ta ƙasa.

Malamarmu kurma ce kuma ranar farko ta sa kowa ya kashe makirfo, ba magana ba tafinta, wallahi minti goman farko zufa kawai nake. Ta ɗago kofi ta nuna mana, ta yi alamarsa, ta ɗaga gira tana jiranmu, sai daga baya na gane ɗaga girar nan ita ce tambayar kanta, irin ta e ko a'a, in kuma tambayar wa ko ina ce sai a haɗe girar. Ashe fuska ma nahawu ce! Shekara da shekaru ina tare da ƙanena ban taɓa lura ba, abin ya taɓa min zuciya sosai. Ta nuna mana jera kujeru rabin da'ira don kowane yaro ya ga hannun ɗan uwansa, kar malami ya tsaya taga na bayansa, in kana son hankalin aji ka kashe fitila ka kunna maimakon buga tebur. Kullum tana nanata cewa kurma ne ya kamata ya ja aji, mai ji ya taimaka masa.

Amma fa ku ji wannan kafin ku biya. Auslan ba shi kuramenmu ke yi ba. Na je gida da zumuɗi na rubuta wa ƙanena sunansa da hannu biyu, ya kama hannuna ɗaya ya sauke a hankali ya ce Yaya ba haka ba. Auslan dangin na Ingila ne, haruffansa hannu biyu, namu na Ghana kuwa daga na Amurka ya samo tushe, hannu ɗaya, ta hanyar Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke, da ya buɗe makarantar kurame a Osu cikin Accra a 1957 kafin ta koma Mampong-Akuapem. Masu kwas ɗin ba su yi min wannan bayanin ba lokacin rajista duk da sun ga daga Ghana nake, wannan kam bai min daɗi ba.

Sai lokaci, Melbon can Ostireliya na gabanmu da awa 10 ko 11, ajin yammarsu safiyarmu ce daidai lokacin aiki. Bidiyo na shan data, in netwok ya ɗan tsaya hannu ya daskare shi ke nan jimla ta wuce ka, ga dumso, wato ɗauke wuta. Ba sa karɓar momo, wato biyan kuɗi ta waya, sai kati.

In dabarar koyarwa kake nema shiga, ba za ka yi nadama ba. In hira kake so da kuramen Asawase nan Kumasi nemi ajin ƙungiyar kurame ta Ghana, GNAD. Ni dai ran Asabar za mu fara koyar da maganar hannu da yara goma sha biyu a ajina, ƙanena da ya yi makarantar kurame ta Jamasi shi zai tsaya a gaba, ni ina gefe.